Igiyar da Yaya Ta Ƙona

Kaina ya zubar da abubuwa da yawa tun ranar da na faɗo daga mota. Akwai fuskokin da na sani shekara da shekaru, yanzu sai an gaya min ko su wane ne. Amma ranar da yayata ta ƙona min igiya tana nan daram. Ko sunana zan manta, ita ba zan manta da ita ba har a sa ni a ƙasa.

Ni mutumin ƙasar Gwaram ne, wani ƙauye a bakin kogi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Tun ina saurayi nake bin manyan motoci, ina lodi ina saukewa. Na kwana a tasha, na kwana a ƙarƙashin mota, na sha duka, na sha yunwa. Matata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta, ban sake aure ba. Abin da ya rage min a duniya shi ne yayata da ke aure a Birnin Kudu, sai 'yar gonar fadama da mahaifinmu ya bari, inda nake noman rani in aikin mota ya yi sauƙi.

Wajen garin Kiyako abin ya faru. Mun ɗauko buhunan hatsi, ina zaune a sama, taya ta fashe. An ce da ka na sauka. Ni ban sani ba. A asibiti na farka, Yaya na zaune tana min fifita.

Jiki ya warke. Kai ne bai dawo daidai ba. Ba hauka ba ne, ko da yake haka mutane suka ɗauka. Na san kowane aiki, hannuna bai manta komai ba. Abin da ya ɓace min shi ne wanne ke gaba, wanne ke baya. In zan yi tuwo sai in zuba gari a tukunya kafin in hura wuta. In sa takalmi sannan in ɗauko wando. Alwala ma sai na tsuguna kusa da wani, ya wanke fuska in wanke, ya shafi kai in shafa. Likita ya ce in riƙa rubuta komai a takarda, ɗaya bayan ɗaya, ina dubawa. Yaya ce ta ce, "Likita, ai ba ya karatu." Ya ce to a yi haƙuri, wataƙila a hankali ya dawo. Bai dawo ba.

Yaya ta so in zauna wurinta. Mijinta mai shago ne, mutumin kirki, ya ce akwai ɗaki a soro. A sayar da gonar, in zauna ana ba ni abinci. Na san irin wannan zama, na ga masu yin sa. Mutum a kan tabarma a ƙofar gida yana korar ƙuda, masu wucewa suna tsallake ƙafarsa. Na ce a'a.

Ta ce, "To Auta, je ka gwada. Amma wallahi ranar da na ga ba za ka iya riƙe kanka ba, da hannuna zan ɗaure maka kaya."

Yaya ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Ina da injin ban-ruwa, ƙarami, mai shan fetur, yana jan ruwa daga bututun da aka kafa a gonar. Tayar da shi ba wuya, amma yana da ƙa'ida. In ka finciki zaren tayarwa ba ka cika masa ciki da ruwa ba, zai tashi yana gudu a bushe, robar cikinsa ta ƙone. Abin da na yi ke nan a satin da na koma. Ina tsaye ina jiran ruwa, sai hayaƙi. Akuyoyina na sayar aka gyara shi. Bayan su ba ni da abin sayarwa sai gonar.

Gonar da ke jikin tawa ta taubashina ce, ɗan kawuna. Bakinsa ba ya rufuwa. Ranar da injin ya ƙone shi ne ya tsaya a kan iyaka yana dariya, yana cewa, "Na-Kiyako, shayi kake dafawa a ciki?" Sunan ya bi ni har cikin gari. Na san wasa ne, da wasa a tsakaninmu tun muna yara. Amma daga ranar na daina yi masa magana. Na daina yi wa kowa ma, in ban da sallama.

Sai na koma kallo. Kullum da safe in zauna a gindin wani gawo, ina hango shi yana tayar da nasa injin. Kaina ba ya riƙe abu biyu a jere, saboda haka abu ɗaya nake ɗauka. Na samo igiyar rama, na yi mata babban ƙulli a baki ɗaya, don in san ta nan ake farawa. Na ga abin da yake fara yi, duba baƙin mai. Na tsinci tsohon murfin galan, na huda, na ɗaura kusa da ƙullin. Washegari na riƙe murfin a hannu, na jira ya gama duba mai, na ga abin da ya biyo baya, na nemo abin da zai tuna min da shi na ɗaura. Haka nake yi. Wata rana ya yi sauri ban gani ba, wata rana ya juya min baya, wata rana in ɗaura sai gobe in ga ba nan ne wurinsa ba, in kwance. Guntun robar taya shi ne ɗaure bakin mesa. Bawon katantanwa, cika ciki da ruwa, tunda a ruwa take. Ƙusa ta buɗe fetur ce. Gashin zabo na cok, abin da ke rage wa inji iska. Jan ƙyalle na kunnawa. Na ƙarshe guntun fata, shi ne ja.

Lokacin da nake ɗaurawa ba aikin nake yi ba, ajiye shi nake yi. Kowane abu a jikin igiyar aiki ne a zaune yana jiran a zo kansa. In zan tayar da inji sai in kama ƙullin, in taɓa na farko, hannuna ya yi abin da ya sani, in matsa na gaba, kamar mai jan carbi. Ba tsallake, ba komawa baya. In igiya ta ƙare ruwa na zuba. Daga baya da na lura ina mantawa da rufe fetur in na gama, ban yi sabuwa ba, na ƙara wani abu a wutsiyarta shi ke nan.

Ta ɗauke ni makonni kafin ta cika. A lokacin irin tattasaina yana ƙanana a fangali guda, da jarka nake ba shi ruwa daga kogi. Ranar da na fara tayar da injin ni kaɗai, ruwa ya fito, na waiga ko akwai wanda zan gaya wa. Babu. Na zauna na sa ƙafa a ruwan.

Ba wanda ya san da igiyar. A aljihun rigar aiki take. An riga an ce na taɓu. In aka gan ni ina shafa katantanwa da gashin zabo kafin in taɓa inji, me ya rage?

Na dasa tattasai, ya kama, ya cika gonar. Da bazara ta shigo ya fara fure. Duk wanda ya noma tattasai ya san wannan lokaci. Ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe ruwa. In ya sha ƙishi kaɗan furen zubewa yake yi, in fure ya zube shekarar ta tafi.

Ranar wata Juma'a Yaya ta zo duba ni. Ta kawo min garin kunu da daddawa da sabulu. Na yi wanka, na canza riga, na tafi masallaci, na bar ta tana share min ɗaki tana faɗa a kan datti. Da na dawo tun daga ƙofa na ji ƙaurin roba. Ta tare ni a tsakar gida, idonta da hawaye, fuskarta kuma da murna irin wadda ban gani ba tun kafin hatsarin.

"Zo ka zauna, Auta. Yau Allah ya tona asirinsu."

Na tsaya a tsaye.

"Rigarka na ɗauka zan wanke, sai na ji abu a aljihu. Innalillahi! Katantanwa, gashin tsuntsu, ƙusa, jan ƙyalle, duk an ƙulle su a igiya. Na kira Inna ta gidan nan na kusa, tana gani ta ja da baya. Ta ce, yarinya, kar ki taɓa da hannu, wannan ai da shi aka ɗaure masa kai."

Na ce, "Ina take?"

"Na ƙona. Na yi addu'a a kai na jefa a murhu. Dama tun ranar da ka faɗi nake cewa abin nan ba banza ba. Mutum da hankalinsa, a ce tuwo ma ya gagare shi? Wane ne ya shigo maka ɗaki? Wa kake bari yana taɓa maka kaya?"

Na leƙa murhun. Toka ce, sai ƙusar ta yi baƙi a tsakiya.

Mutane sun sha tambayata me ya hana in gaya mata a lokacin. Ga abin da ya hana. In na ce, Yaya, ni na ƙulla, ba na iya tayar da inji sai da ita, to na ba ta amsar da take jira. A ranar za ta ɗaure min kaya. Ga ta kuma tana kuka tana godiya ga Allah, ta ɗauka ta ceto ƙaninta. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Da la'asar na raka ta bakin titi. Kafin ta shiga mota ta dafa min kai, daidai wurin tabon. Ta ce, "Za ka ga sauƙi yanzu." Motar ta tafi. Na daɗe a tsaye a wurin.

Washegari ranar ban-ruwana ce, kuma ranar cin wata kasuwa da mutanenmu ke zuwa. Fadama ba kowa. Na ɗauko inji na ajiye a bakin bututu. Na sa hannu a aljihu, ko da yake na sani. Na tsuguna. Ga murfin mai, ga mesa, ga makunni, ga zare, na san kowannensu kamar 'ya'yana. Hannuna ya tafi kan zaren da kansa, na yi maza na janye hannun. Na cika ciki da ruwa? Na ɗauka na cika. Na buɗe na duba, a bushe. Na zuba, na rufe. Sai me? Ko dai da mesa ake farawa? Na kwance mesa na sake ɗaurawa. Na dawo ban san ko na zuba ruwan ba. Haka na yi ta zagaya injin nan, rana na hawa. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba ba zai gane ba. Kamar kana tsaye a ƙofar gidanku, ka san kowane ɗaki, amma ba ka san ta inda ake shiga ba. Kuma na san in na ja a kuskure ya sake ƙonewa, babu akuyar da za ta fanshe shi.

Ban ja ba. Na ɗauki jarka na nufi kogi. Da bazara ruwan ya ja can tsakiya, sai ka taka yashi mai zafi ka yi nisa. In juye jarka a gindin tattasai, kafin in juya ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Har rana ta karkata ban gama ɓangare ɗaya ba. Ba motsin kowa sai kurciya. Na taɓa kwana a daji da mota ta lalace, ni kaɗai ina gadin kaya, ban ji kaɗaici irin na wannan yini ba.

Da safe na dawo na tarar ganye ya langwaɓe. A ƙasa, ƙarƙashin kowane tushe, ga fararen furanni a zube. Taubashina ya zo ya tayar da nasa, cikin ƙiftawar ido, yana waƙa. Ni kuma na sami kaina a gindin gawon nan da guntun igiya a hannu, zan faro daga fari. Na dubi igiyar, na dubi gonar. Wancan karon makonni na yi. Tattasan nan ba zai kai jibi ba.

Tsakanin gawon da inda yake tsaye ba nisa. Amma ban taɓa yin tafiya mai nauyinta ba.

Yana ganina ya saki fartanya. "A'a! Na-Kiyako da kansa? Yau wa ya mutu?"

Na ce, "Me ake fara yi?"

"A ina?"

"Inji."

Ya fara dariya. Sai ya dubi fuskata, ya dubi gonata ta bayan kafaɗata, dariyar ta tsaya. "Tun yaushe rabonsa da ruwa?"

"Kafin Juma'a."

"Kai wane irin mutum ne? Kana kallona ina kallonka? Mu je in tayar maka."

"Ba tayar min za ka yi ba."

"To me zan yi masa, kiɗa?"

"In ka tayar yau, gobe fa?"

Sai na gaya masa. Kan, da igiyar, da murhun Yaya. Tun fitowata daga asibiti ban yi magana mai tsawon wannan ba. Ya saurara baki buɗe.

Ya ce, "Wato duk zaman da kake yi a gindin gawon can kana zuba min ido, karatu kake ɗauka? Ni kuwa na ce wa matata ranar da za ka sare ni kake nema. Wallahi har gatari nake ajiyewa kusa."

Sai ya janyo mesarsa, ruwa na zuba, ya tsallaka iyaka da ita ya jefa a gonata. Ya ce, "Bari ya riƙa sha, mu kuma mu yi tsafin naka."

Na ce ya faɗa min a jere, ni in ɗaura. Ya gyara tsayuwa. "Ka duba mai. Sai ka buɗe fetur. A'a, tsaya, mesa tukuna. Sai ka... cok ne ko ruwa?" Ya sosa ƙeya. Mutumin da ya shafe shekaru yana tayar da inji kullum. Ya ce, "Kai, ka shafa min ciwonka. Wallahi ban sani ba sai ina yi."

Sai muka yi haka. Ya tsuguna gaban injina, ya yi abu ɗaya, in ce tsaya, ya tsaya da hannu a sama, in tafi neman abin ɗaurawa. Yana ta mita. "Mutum na tsugune ƙafa ta sage, kai kana can kana zaɓen katantanwa kamar mai zaɓen amarya." Da muka zo kan cok na rasa gashin zabo, ya bi wata kaza da ke kiwo a bakin gona har ya faɗi a kwata, ya dawo da gashi a hannu da laka a gwiwa.

Ya ce, "Shi kuma wannan na mene ne?"

"Iska."

Ya jinjina kai. "Mahaukacin nan fa da hankalinsa."

Jan ƙyalle bai samu ba, ya yago bakin hularsa. Da muka gama ya kwance duk abin da ya yi, ya zubar da ruwan cikin injin, ya koma gefe ya sa hannu a baya. Na kama ƙullin. Ina ji yana numfashi da ƙarfi, bakinsa na son magana yana dannewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har fata. Na ja. Inji ya yi tari, ya kama, mesa ta kumbura, ruwa ya fito.

Bai yi min barka ba. Cewa ya yi, "To ba ni mesata, nawa shukan ma ruwa yake jira."

Ɓangaren sama, inda yashi ya fi yawa, furensa ya riga ya tafi. Na ƙasa ya tsira. Abin da na samu a shekarar ya ciyar da ni, bai wuce haka ba.

Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ya rantse. Ya gaya wa matarsa kaɗai, kafin Juma'a ta zagayo labari ya isa Birnin Kudu.

Ina gona na hango Yaya tafe a kan kunya, da mayafinta na unguwa, takalmi a hannu. Ba ta biya ta gida ba. Na ce a raina yau za a ɗaure kaya. Ta tsaya, ta dubi ɓangaren da ya lalace, ta dubi wanda ya tsira. Ba ta gaishe ni ba.

Ta ce, "Tayar in gani."

Na ciro igiyar a gabanta, ban ɓoye ba. Na bi ta daga ƙulli har ƙarshe. Ba ta kallon injin, hannuna take kallo. Da ruwa ya fito ta miƙo hannu, na ba ta. Ta juya katantanwar, ta shafa gashin kazar, ta daɗe.

"Kai ka ƙulla waccan?"

"Ni."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Me ya sa ba ka gaya min ba, Auta? Ina tsaye ina ta rawar kai a gabanka."

"Da kin tafi da ni."

Na ɗauka za ta musa. Sai ta ce, "Da na tafi da kai."

Ta mayar min da igiyar, ta naɗe ta a tafin hannuna, ta rufe yatsuna a kai. Ba ta ba ni haƙuri ba, mu ba haka muka tashi ba. Ta zauna a bakin kwata ta wanke ƙafarta, ta sa takalmi, ta ce ta bar tukunya a hannun 'yarta. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake yi min maganar ɗakin soro ba.

Yanzu ina nan a gonar, ni kaɗai kamar da. Kan bai dawo ba, na daina jiransa. Igiyoyi sun yi yawa a bangon ɗakina: ta inji, ta tuwo, ta feshi, ta alwala. Kowacce kuma akwai irinta a rataye a ɗakin taubashina. Yana ce musu kayan bokancina, amma ko matarsa bai yarda ta taɓa ba.

Ni ba mai yawan magana ba ne, abin da na koya ma gajere ne. Duk abin da ka ajiye rayuwarka a cikinsa, ka nemi ko mutum ɗaya ka gaya masa mene ne, ko da zai yi maka dariya. In ka ɓoye wa kowa, ba sai maƙiyi ya zo ba. Wanda ya fi ƙaunarka a duniya shi zai ɗauka ya jefa a wuta, yana kuka yana murna.